Yadda ake ba ƙananan tsirrai ruwa a cikin ƙananan mazubai a ɗaki

Mutane da dama suna fara renon irin tumatir, tattasai da attarugu a cikin gida kafin su kai shi lambu, suna shukawa a kofunan roba, gwangwanayen madara ko ledojin fiya-wata da aka yanke wa baki, sannan su jera su a bakin taga ko a baranda. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, tsiron da ke mutuwa a makonnin farko ba kasafai ƙishirwa ce ke kashe shi ba. Yawan ruwa ne, kuma galibi daga hannun wanda ya fi kowa ƙaunarsa. Dalilin kuwa shi ne saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma iskar tana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika waɗannan kafofi ya kwana a ciki, saiwar takan shaƙe ta fara ruɓewa, alhali ganyen yana nan kore shar, mai shi bai san abin da ke gudana a ƙasa ba. A cikin ɗaki matsalar ta fi tsanani, domin babu zafin rana da kaɗawar iska da za su tsotse rarar ruwan kamar yadda suke yi a fili.

Aikin yana farawa tun kafin a zuba iri. Kowane mazubi dole a huda gindinsa, huda uku ko huɗu, da ƙusar da aka ɗora a wuta idan roba ce, ko a bubbuga ƙusar da guduma idan gwangwani ne. Mazubin da ba shi da huda ba shi da amfani a wannan aiki, komai kyansa. Wasu suna zuba tsakuwa a gindi a madadin hudar, amma hakan ba ya fitar da ruwa, sai dai ma ya rage wa saiwa ɗan wurin da take da shi. Ƙasar da za a zuba ta kasance mai sako-sako, wato turɓaya ko yashi mai laushi da aka haɗa da takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai, a tankaɗe a fitar da duwatsu da ƙiraruwa. A guji laka zalla, domin idan ta jiƙe tana riƙe ruwa fiye da kima, idan kuma ta bushe sai ta ƙame ta tsattsage.

Mataki na biyu shi ne jiƙa ƙasar kafin a cika mazubai. A zuba ta a cikin daro, a riƙa yayyafa ruwa ana cuɗawa da hannu, kamar yadda ake yi wa tsaki idan za a turara dambu. Ma'aunin da ya fi kowane sauƙi shi ne a damƙi ƙasar a matse: idan ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsu ba, kuma ta wargaje da an taɓa ta, to ta yi daidai. Amfanin wannan shi ne ba za a buƙaci kwarara ruwa a kan irin da aka shuka ba, wanda zai iya nutsar da shi can ƙasa ko ya kwashe shi zuwa gefe. Irin tumatir da na tattasai ƙanana ne, zurfin da suke so bai wuce rabin santimita zuwa santimita 1 ba.

Daga ranar shuka zuwa ranar da tsiro zai ɓullo, saman ƙasar bai kamata ya bushe ba ko sau ɗaya, domin ƙwayar da ta fara kumbura ta tsage, idan ta bushe ba ta sake farfaɗowa. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10 idan akwai ɗumi, tattasai da attarugu kuwa sukan ɗauki mako 1 zuwa 3, kuma sanyi yana ƙara musu jinkiri. A wannan tsakani a rufe mazuban da farar leda mai shara-shara domin ta riƙe danshi, a riƙa ɗagawa kullum iska ta shiga, idan an ga saman ya fara yin fari a fesa ruwa kaɗan. Ranar da aka ga koren farko ya leƙo, a cire ledar gaba ɗaya. Barinta bayan wannan rana yana tara gumi a jikin tsiron, kuma shi ne abin da funfuna ke so.

Daga nan ne ƙa'idar take sauyawa, kuma a nan ne mafi yawan kuskure yake. Bayan tsiro ya fito, ba a ba shi ruwa don gari ya waye ko don lokacin da aka saba ya yi. Ana ba shi ne idan ƙasar ta nuna tana bukata. A duba kowane mazubi da safe, a tura ɗan yatsa kamar santimita 1 a gefe, nesa da kara. Idan an ji sanyi da danshi, kuma ƙasa ta manne a yatsa, a bar shi sai gobe. Idan an ji ta bushe, lokacin ruwa ya yi. Wanda mazubansa suka yi ƙanƙanta da yawa, kamar kiret ɗin ƙwai, yana iya soka tsinken tsintsiya ya zaro ya ga ko ya fito da laima. Amma hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ɗaga mazubin a tafin hannu: a ji nauyinsa bayan an ba shi ruwa, a sake ji bayan kwana ɗaya ko biyu, cikin mako guda hannu zai koyi bambancin da kansa. Kada a ɗauka cewa duk mazuban za su bushe tare, domin na bakin taga yakan riga na ciki, kuma wanda tsironsa ya fi girma ya fi shan ruwa.

Hanya mafi aminci ta ba da ruwan ita ce ta ƙasa. A sami faranti mai ɗan zurfi ko tire, a zuba ruwa kamar santimita 1 zuwa 2, a jera mazuban a ciki, a bar su minti 10 zuwa 20. Ƙasar za ta ja ruwan ta hudojin zuwa sama, kuma da zarar an ga saman ya yi duhu, ko an taɓa an ji danshi, sai a fitar da su a bari su tsane, a zubar da sauran ruwan. Ta haka kara da ganye ba sa jiƙa, ƙasa ba ta dannewa, saiwa kuma tana bin danshi zuwa ƙasa maimakon ta tsaya a sama. Sharaɗi guda ne, wanda ba na son a yi wasa da shi: kada a bar mazubi ya wuni ko ya kwana a cikin ruwan faranti. Idan ta sama za a bayar, a ajiye buta gefe, domin ƙarfin zubarta yana kwantar da tsiro ya tone saiwa. A ɗauki robar ruwa, a huda murfinta da allura wuri biyar ko shida, a riƙa matsawa a hankali a kewayen gindin har sai ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa. Ruwan da ya ratsa har gindi sau ɗaya ya fi 'yar yayyafa sau uku a rana, wadda saman kawai take jiƙawa.

Safiya ce lokacin da ya dace, domin ƙasa ta sami wuni guda ta rage laima kafin sanyin dare. Ruwan ya kasance wanda ya zauna a ɗakin, ba na firiji ba, ba kuma na tankin da rana ta gasa ba. Ruwan sama ya fi kowane, na rijiya da na famfo ma suna yi. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da gishiri-gishiri, kuma ana gane haka da farin ɓawon da ke taruwa a saman ƙasa ko a bakin mazubi. Idan an ga haka, a riƙa ba da ruwa ta sama lokaci-lokaci har ya zuba sosai ta hudojin ya wanke shi. Ruwan wanki da na wanke-wanke ba na tsiro ba ne.

Yanƙwanewar ganye tana ruɗin mutane, domin tsiron da ƙishirwa ta kama da wanda ruwa ya yi wa yawa duk sukan langaɓe. Saboda haka kafin a ƙara ruwa a taɓa ƙasar. Idan a bushe take, har ta janye daga jikin mazubi, a sa shi a faranti ya jiƙa a hankali, domin ruwan da aka zuba ta sama zai bi ta gefe ya fice kawai; cikin 'yan sa'o'i zai miƙe. Idan kuwa a jiƙe take kuma ganyen yana komawa ruwan ɗorawa, ko an ga gansakuka a sama, ko 'yan ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna shawagi a kan ƙasar, ruwa ne ya yi yawa, sai a dakata har ta sha iska. Mafi muni shi ne a wayi gari a ga karan ya tsuke daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya yi laushi, tsiron ya kwanta. Wannan cutar ruɓewar gindi ce da ƙwayoyin funfuna na cikin ƙasa ke haddasawa, kuma wanda ta kayar ba ya tashi. A cire shi tare da ƙasarsa a zubar, a nisanta sauran mazuban da juna, a buɗe taga, kuma kada a sake amfani da mazubin sai an wanke shi da sabulu an shanya a rana.

Yanayi ma yana sauya lissafi. A hunturu, musamman Disamba da Janairu, iska a bushe take ƙwarai, saman ƙasa yakan yi fari da wuri alhali cikinta da sauran laima saboda sanyi, don haka gwajin yatsa ya fi gwajin ido. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, ƙaramin kofi yana iya bushewa tsakanin safe da la'asar, sai a duba sau biyu. A damina kuwa ana iya yin kwana biyu ko uku ba a buƙaci ruwa ba.

Tumatir yakan isa dashe a mako 4 zuwa 6, tattasai da attarugu a mako 6 zuwa 8. Idan saura kwana 7 zuwa 10, a fara fitar da mazuban waje da safe na 'yan sa'o'i, ana ƙara tsawon lokacin kullum, a kuma ɗan ƙara tazara tsakanin ban ruwa ba tare da an bari sun yanƙwane ba, domin su saba da rayuwar fili. Ranar dashen a jiƙa su sosai sa'a ɗaya ko biyu kafin a ciro su, yadda ƙasar za ta fito dunƙule tare da saiwar, a dasa da yamma bayan rana ta yi sanyi, sannan a bi kowane rami da ruwa nan take.