Kurakuran da sabbin shiga tseren motocin rimot a filin ƙasa suka fi yi

Abin da ya fi kayar da sabon shiga shi ne kwaɗayin gudu. Zai sayi inji mai ƙarfi, ya matse totur har ƙarshe, tun a kwanar farko mota ta kife. Zagayen share fage yawanci minti 5 ne, ana ƙirga zagaye nawa ka yi, kuma daƙiƙoƙin da za ka ɓata kana jiran a zo a tayar maka da mota babu injin da zai dawo maka da su. Fara da mota mai girman 1/10 na motar gaske da injin lantarki mai lamba 17.5T ko 21.5T (ƙaramar lamba ta fi gudu), ka rage totur a rimot zuwa kashi 70 cikin ɗari. Kada ka ƙara sai ka iya minti biyar cur ba kifewa. Taka birki tun kana miƙaƙƙiyar hanya, ka shiga kwana a natse, ka ba da wuta a wajen fita.

A tudun tsalle ma haka ne. Mota tana sama, totur yana ɗaga gabanta, birki yana sunkuyar da shi. Wanda bai san wannan ba yana dira da goshi, hannun taya ya karye.

Da yawa suna zuba kuɗi a kayan alminiyom masu ƙyalli su manta da taya, alhali ita ce ke taɓa ƙasa. Tayar da ke kama yumɓu mai danshi santsi take yi a busasshiyar ƙasa mai ƙura. Tambayi waɗanda suka saba da filin wace suke sawa, ka sayi irinta. Goge bakin tayar da na rim sosai kafin ka sa gam, in ba haka ba za ta ɓalle a tsakiyar tsere.

Batirin LiPo kuwa ba ya son sakaci ko kaɗan. Mai ɗaki biyu (ƙananan batura biyu a haɗe), wato 2S, yana cika a volt 8.4. Yi caji da cajar da ke daidaita ɗakunan, a kan 1C, ma'ana amp 5 ga batir mai 5000mAh, a cikin jakar da ba ta kama wuta, kana kusa. Kada ɗaki ya sauka ƙasa da volt 3.2, don haka kunna tsarin yanke wuta na ESC, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a 3.8 kowane ɗaki, domin ajiye shi a cike yana kumbura shi. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada ka sake cajinsa.

Haƙoran giya: in sun matse inji ya yi zafi, in sun yi sako-sako babbar giyar roba ta zube. Saka siririn tsinken takarda tsakaninsu, ka tura injin, ka ɗaure, ka zare takardar. Bayan gudu auna zafin inji. Ya wuce digiri 70 a ma'aunin Celsius, rage haƙori ɗaya ko biyu a ƙaramar giya.

Wani kuskuren shi ne canza man shoka da tsayin mota da karkatar taya duk a lokaci guda. Ta gyaru ko ta lalace, ba ka san dalili ba. Tsaya a kan saitin da ke littafin motar, ka canza abu ɗaya, ka yi zagaye kaɗan, ka rubuta.

Kunna rimot kafin mota, ka kashe mota kafin rimot. Rage iyakar sitiyari yadda servo, wato ɗan injin da ke juya tayoyin gaba, ba zai riƙa kuka ba idan taya ta kai ƙarshe. A yawancin gasa an hana ribas, sai ka kashe shi a ESC. Da ka gama tserenka, ajiye mota ka fita fili, domin kai ne mai tayar da motocin rukuni na gaba, kuma akan hukunta wanda bai fito ba.