Yadda Ake Daidaita Allon Tsara Kaya a Manhajar Rarraba Haja

Duk mai kula da sito a Sakkwato, wanda ke tura sukari da shinkafa zuwa Illela ko Tambuwal, ya san cewa allon da manhaja ke zuwa da shi, wato jadawalin da ke nuna lissafin kaya layi-layi bisa lokaci, yakan cika da layukan da ba ya buƙata. A manhajoji irin su SAP, wadda kamfanoni ke amfani da ita wajen tsara haja, fara da buɗe naka allon daban, ka bar na asali yadda yake domin abokan aiki.

Daga nan sai ka zaɓi layuka. A ganina huɗu sun wadatar: hasashen buƙata, odar da ta tabbata, abin da ke cikin sito, da kayan da ke kan hanya daga Kano. Ka kulle layin sito yadda ba mai iya canza shi da hannu, ka bar na hasashe a buɗe.

Tsarin lokaci shi ya fi buƙatar natsuwa. Ka sa makonni takwas na farko su fito mako-mako, sauran kuma wata-wata. Sai dai manhajar da kalandar Miladiyya take lissafi, alhali azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka ka sa wa makonnin azumi alama da kanka, in ba haka ba hasashen sukari zai faɗa makon da ba nasa ba, buhuna su ƙare maka ana tsaka da ciniki.

Sannan ka saita jan launi ya bayyana idan kaya suka gaza na kwana goma, ka adana allon da sunan da kowa zai gane.