Yadda ake bin diddigin aikin gwamnati daga takardar kasafi har zuwa ƙauye

Duk wanda ya taɓa aikin jarida a Sakkwato ya san irin wannan koke: mutanen wani ƙauye su zo gidan rediyo su ce sun ji an ba da kwangilar gina musu asibitin sha-ka-tafi, ko haƙa musu rijiyar burtsatse, amma abin da suka gani bai wuce allon kwangila da bulo ɗin da ciyawa ta rufe ba. Watsa kokensu taimako ne, sai dai bai kai matsayin binciken ƙwaƙwaf ba, domin jami'in da abin ya shafa zai musanta gobe, maganar kuma ta bi ruwa. Bincike yana farawa ne lokacin da ɗan jarida ya ƙuduri aniyar sanin nawa aka ware, wa aka ba aikin, nawa aka biya shi, kuma me yake tsaye a wurin yau. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafofin labarai nauyin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayani, saboda haka mai yin wannan tambaya ba shisshigi yake yi ba.

Ka fara da taƙaita tambayarka. Idan ka ce za ka binciki lalacewar kiwon lafiya a ƙananan hukumomi 23 na jihar, shekara za ta zagayo ba ka rubuta komai ba. Ɗauki asibiti ɗaya, a mazaɓa ɗaya, cikin kasafin shekara ɗaya.

Daga nan sai ka gano mai aikin, domin a nan ne masu fara bincike suka fi yin tuntuɓe. Ginin da ke ƙauye ɗaya yana iya zama na gwamnatin tarayya, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma, ko kuma aikin mazaɓa da wani ɗan majalisa ya sa a kasafi, kuma ayyukan mazaɓu sau da yawa ana rataya su ne a wuyan wata hukumar tarayya da aikinta bai da alaƙa da lafiya ko ruwan sha. Allon kwangila, idan yana nan, shi ne shaidarka ta farko: ɗauki hotonsa, ka kwafe sunan hukumar da na kamfanin harafi da harafi. Sannan ka nemi layin aikin a cikin kasafin kuɗin shekarar. Na tarayya yana shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya, na jiha kuma ana wallafa shi bayan gwamna ya sa hannu. A nan akwai abin da ya kamata a kiyaye ƙwarai: sa kuɗi a kasafi daban, sakin kuɗin daban. Wanda ya rubuta cewa an cinye naira miliyan kaza don kawai ya ga adadin a kasafi, alhali ba a taɓa fitar da kuɗin daga baitulmali ba, ya zalunci mutum kuma ya zubar da mutuncin gidan jaridarsa. Don ayyukan tarayya, shafin Open Treasury da aka buɗe a watan Disamba na 2019 yana nuna manyan kuɗaɗen da hukumomi suka biya da sunan wanda aka biya. Sunan kamfanin kuma a duba shi a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a ga ranar da aka yi masa rajista da adireshinsa. Kamfanin da aka yi wa rajista makonni kaɗan kafin a ba shi kwangila ya cancanci a ƙara tono a kansa.

Abin da ba a samu a intanet ba, doka ta ba da hanyar nemansa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2011, ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa, kuma wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Shekaru da dama jami'an jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce kawai, amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Rubuta wasiƙarka a taƙaice, ka ambaci takardun da sunansu: takardar bayar da kwangila, jadawalin kayan aiki da farashinsu, takardun biyan kuɗi, da takardar shaidar kammala aiki. Ka kai kwafi biyu da hannunka, ka tsaya har a buga wa naka hatimi da kwanan wata, domin wannan hatimin ne zai tsaya maka ranar da aka ce wasiƙar ba ta iso ba.

Takarda ba ta isa ba sai an je an gani da ido. Al'adar ƙasar nan ita ce baƙo ya fara gaida uban ƙasa ko hakimi, kuma yin hakan ladabi ne da kariya gare ka. Amma kada ka yi duk hirarka a zaurensa, domin talaka ba zai faɗi abin da ke ransa a gaban mai sarauta ba. Maganar asibiti kuwa mata ne suka fi kowa saninta, su ne suka san nisan da ake yi da mai naƙuda a kan babur, kuma namiji baƙo ba zai shiga gidajensu ba, don haka tafiya da abokiyar aiki mace wajibi ne a ganina. Ƙirga ɗakuna, duba rufi, murɗa famfo, ka tambayi ma'aikacin lafiya yaushe aka kawo magani na ƙarshe, sannan ka kai hotunan da jadawalin kayan aikin wurin injiniyan da ba shi da hannu a kwangilar ya kwatanta maka. Idan tafiyar ta gabashin jihar ce, wajen Isa, Sabon Birni ko Rabah, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a safiyar ranar, editanka ya san inda ka nufa da lokacin da za ka dawo, kuma kada ka bar sunan wanda ya ba ka bayani a sirrance cikin wayar da za ka riƙe a hanya.

Kafin ka wallafa, dole ne wanda ake zargi ya ji abin da ka gano. Aika wa ɗan kwangilar da hukumar tambayoyinka a rubuce, ka ba su wa'adi mai ma'ana, ka adana shaidar aikawa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarci muminai da su tantance labari don kada su cutar da wasu bisa jahilci, kuma na sha ganin amsar wanda ake zargi ta gyara kuskuren da ɗan jarida bai san ya yi ba. A wannan gaɓar ce kuma ake miƙo ambulan da sunan kuɗin mota ko na goro. Kada ka karɓa, kada ka je ganawar kai kaɗai, kuma ka sanar da editanka a ranar.

Wurin rubutu, faɗi abin da takarda ta nuna da abin da idonka ya gani: an biya kaza a rana kaza, ginin kuma ba shi da rufi a ranar da muka je. Kalmar sata ko almundahana hukunci ne na kotu, kuma an sha kama 'yan jarida a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, saboda haka lauya ya karanta rahoton kafin ya fita. Ka tabbata an watsa shi da Hausa a rediyo, inda mutanen ƙauyen za su ji, ka miƙa kwafi ga hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa ta ICPC, wadda take bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019, ko ga kwamitin majalisar dokokin jiha mai kula da asusun gwamnati idan aikin na jiha ne. Bayan wata uku ka koma ƙauyen da tsofaffin hotunanka, ka tsaya daidai inda ka tsaya a karon farko, ka sake ɗaukar wasu.