Yadda za ka kama darasin ɓoye saƙo a jami'a

Ƙanena mai karatun kwamfuta a nan Legas, in darasin ɓoye saƙo ya zo maka, ajiye laftof tukuna, ka nemi biro da takarda.

Tushen abin duka lissafin saura ne: ka raba lamba, ka riƙe abin da ya rage. Agogo ma haka yake aiki, ƙarfe 10 ka ƙara awa 5, ƙarfe 3 ke nan. In wannan bai zauna maka ba, har ƙarshen zango kana shan wuya.

Fara da dabarar Kaisar, inda ake tura kowane harafi gaba uku, sannan ka karya ta da kanka ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawa. Al-Kindi ya rubuta wannan hanya a Bagadaza tun ƙarni na 9, kuma har yau da ita ake fara koyarwa.

Inda nake so ka daɗe shi ne RSA, dabarar ɓoye saƙo mai mabuɗi biyu, na fili don ɓoyewa da na sirri don buɗewa, wadda Rivest, Shamir da Adleman suka fitar a 1977. Ɗauki lambobi biyu da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, 3 da 11. Ninka su, 33. Cire ɗaya daga kowacce ka ninka, 2 sau 10, 20. Mabuɗin fili 3 ne, na sirri 7, domin 3 sau 7 ya ba da 21, in an raba da 20 saura 1. A ce saƙonka 4 ne: tunda mabuɗin fili 3 ne, jera 4 guda uku ka ninka, 4 sau 4 sau 4 ya zama 64, raba da 33, saura 31. Ita ake aikawa. Mai mabuɗin sirri ya jera 31 guda bakwai ya ninka, yana rabawa da 33 yana ɗaukar saura a kowane mataki don kada lambar ta yi masa girma, sai ga 4 ta dawo. Ni a cikin danfo nake irin wannan, cunkoson hanyar Agege zuwa Akoka ya ishi mutum ya maimaita da wasu lambobin.

Sai hannunka ya saba za ka rubuta wannan lissafi da yaren kwamfuta na Python.

Kan AES, wata dabarar ɓoye saƙo wadda ta zama ma'auni a 2001, fahimci zagayenta, wato matakan da take maimaitawa, ba sai ka haddace jadawalinta ba. Ka kuma san dalilin barin DES, dabarar da AES ta maye gurbinta: mabuɗinta bit 56 ne kacal, a 1998 aka fasa ta cikin ƙasa da kwana uku.

Don Allah, in aikin shekarar ƙarshe ya zo, kada ka ƙirƙiri naka tsarin ka tsare bayanan kuɗin mutane da shi. Yi amfani da wanda masana suka daɗe suna gwadawa a fili, mabuɗin kawai za ka ɓoye.