Yadda za ka nema wa ɗanka masauki a tsoffin garuruwan kwal na Sikotlan

Tun da babban yarona ya dawo daga karatu a Edinbara, babban birnin Sikotlan, kusan kowane mako sai wani ya tare ni a kasuwar Mile 12 ta Legas, a tsakiyar buhunan albasa, ya ce, "Alhaji, nawa ma zai tafi, yaya kuka yi da maganar ɗaki?" Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kada ka dage sai yaro ya zauna cikin birnin. Hayar Edinbara ta fi ƙarfin mai canza naira zuwa fam. A kewayenta akwai ƙananan garuruwa da a da kwal ne abincinsu. An rufe ramukan, amma gidajen ma'aikata na nan, kuma jirgin ƙasa na bi ta wasunsu. Kamar mai kwana Agege ne yana aiki a Obalende, sai dai shi babu gosulo.

Ka sa yaron ya buɗe taswira a waya ku duba tare. Ta arewa, in an haye gadar Forth da aka gama a 1890, akwai yankin Fife. Jirgi na tsayawa a Dunfermline, Cowdenbeath, Lochgelly da Cardenden, wani kuma ya bi bakin teku zuwa Kirkcaldy. Daga Cowdenbeath zuwa birni bai kai awa guda ba. Ta kudu kuma akwai Midlothian, inda aka buɗe layin Borders a 2015, mai tsayawa a Newtongrange da Gorebridge. Daga Newtongrange kamar minti ashirin ne, saboda haka hayar can ta ɗan fi tsada.

Abin da za ka fi sa wa ido shi ne nisan gida da tasha. A nan muka yi kuskure. Mun ga ɗaki mai sauƙi a wani ƙauye da ba shi da tashar jirgi, na ce a kama. Araha ba ta ado. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ga iska ga yayyafi, sai ya bugo mini daga wurin jiran bas muryarsa na rawa, "Baba, yatsuna ba sa motsi." Uwarsa ta hana ni sakat sai da ya tashi daga gidan. Kelty da Ballingry, alal misali, ba su da tasha. In tafiyar ƙafa zuwa jirgi ta wuce minti goma sha biyar, ku bar shi. Kuma ku haɗa kuɗin jirgi na wata da na ɗumama ɗaki a kan haya kafin ku ce wuri ya yi araha. Yawancin gidajen tsofaffi ne, suna shan gas. Yaron ya yanki katin rangwamen jirgi na 'yan shekara 16 zuwa 25, ana rage masa kashi ɗaya cikin uku.

Maganar kuɗi kuwa, ka ajiye dabi'ar Legas a gefe. Can babu kuɗin ejan, babu na agirimen. Doka ta hana. Wata-wata ake biyan haya. Kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata biyu, kuma ba aljihun mai gida yake shiga ba, akwai hukumar da ke riƙewa har ranar tashi. Kowane mai gidan haya sai ya yi rajista da ƙaramar hukuma, lambar rajistarsa na jikin talla, ana iya duba ta a intanet. Wanda ya ƙi ba da lamba, ko ya ƙi zagayawa da ku cikin gidan ta bidiyo kai tsaye, kada ka tura masa ko sisi. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida, amma sai ya karɓi takarda daga jami'a ya miƙa.

Masallaci akwai a Dunfermline da Kirkcaldy, babban na Edinbara kuma yana dab da jami'a. Namu ran Juma'a yake sayen naman halal a birni ya zuba a firji.

Da na je bikin yaye su, ya kai ni gidan tarihin haƙar kwal na ƙasa a Newtongrange, a tsohuwar mahaƙar Lady Victoria da ta yi aiki daga 1895 zuwa 1981. Gidajen jan bulo jere reras, tituna ma lamba aka ba su, na ɗaya, na biyu, haka dai. Washegari muka je Lochore Meadows, inda aka baje tulin sharar kwal aka shuka ciyawa, yara na wasa a bakin tafki, ga hasumiyar tsohon ramin tsaye ita kaɗai. Ni da aka haifa a Bukuru, kududdufan kuza ne suka faɗo mini a rai, waɗanda har yau ke cin mana yara da shanu. Na daɗe ban ce uffan ba.

Ka ja wa yaro kunne kan maƙwabta. Tsofaffin nan da yawa sun shiga yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, shekara guda ba albashi, kuma har yanzu sunan Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya ta wancan lokacin, ba ya musu daɗi. Ramin ƙarshe mai zurfi a Sikotlan, Longannet, a 2002 ruwa ya cinye shi. Kada ya tsoma baki cikin abin da bai sani ba. Ya gaida mutane, ya fitar da shara a ranarta. Dattijon da ke kusa da ɗakin yarona shi ya nuna masa yadda ake saita tukunyar ɗumama gida, ya kuma ba shi labarin cewa bulalar fata da a da malamai ke zane ɗalibai da ita a Sikotlan, yawanci a Lochgelly ake yin ta a lokacin. Yaron ya ce masa mu dorina muke kiran tamu.

Karatu a Satumba ake farawa, don haka ku fara nema tun Yuli. Rigar sanyi da takalmin ruwa kuma ya bari sai ya isa can ya saya. Wadda na saya masa a Yaba ko mako biyu ba ta yi ba iska ta gama da ita.