Darasi na 7: Baƙin Dare a Kan Furen Kuka

Kowa a ƙasar Damagaram ya san kuka. Muna shan miyarta, muna dama garin ƴaƴanta, matan Mirya kuwa da ganyenta suke cin kasuwa. Amma in aka tambayi ƴan ajin nan wa ya taɓa tsayawa ya ga furen kuka yana buɗewa, hannu kaɗan za a ɗaga. Dalili a fili yake. Da almuru yake buɗewa, lokacin da mutane ke nisantar gindin kuka don tsoron iskoki.

Kuka tana fure a farkon damana. Furen fari ne, babba, yana reto a jikin dogon sanda, kansa a ƙasa. Fararen ganyayen furen guda biyar suna naɗewa baya, sai a ga wani dunƙule mai silili-silili a tsakiya kamar tuntun hula. A kan sililin nan garin fure yake, wato ƙurar da ke fitowa daga ɓangaren namiji. Daga cikin dunƙulen kuma wani tsinke ya leƙo, shi ne ɓangaren mace. Sai garin ya taɓa bakin tsinken kafin a sami ɗa. Abin lura shi ne, galibi garin furen kuka ba ya amfanar furenta ita kanta, sai wanda ya zo daga wata kukar. Ga lokaci ƙanƙane, domin furen da ya buɗe yau da magariba, gobe da rana ya yanƙwane ya koma ja-ja-ja.

To, wa ke dakon garin cikin duhu? A nan Afirka ta Yamma jemagu masu cin ƴaƴan itace ne kan gaba. Warin furen, wanda mu ba ma jin daɗinsa, shi ke kiransu. Akwai kuma malam-buɗe-littafi na dare, babban nan mai kaurin jiki da ƴan siraran fukafukai. Bakinsa dogo ne, a naɗe yake, sai ya zo sha ya warware shi. Yana iya tsayawa cak a iska yana kaɗa fukafukai da sauri, yana tsotsar ruwan zaƙin furen. Garin shan ne gari ke maƙale masa a gashin jiki, ya tashi da shi zuwa wata kuka. A kudancin Afirka, masu bincike sun tarar cewa shi ne ma ke yawan yin aikin, ba jemage ba. A tsibirin Madagaska, inda ake da irin kuka 6 da ba a samun su ko'ina, wasu cikinsu ma shi ke ziyartar furensu.

Yanzu sai abin da ya shafe mu. Lokacin da kuka ke fure shi ne lokacin da sabon ganye ke fitowa, ana kuma hanzarin ɗiba. Mai hawa da gatari ya datse rassa ya tafi da furen da tohonsa gaba ɗaya. Shi ya sa kukar da ake yi wa aski kowace shekara sai ta yi ta tsayuwa ba ɗa ko ɗaya, maigona yana cewa namiji ce. A tsinki ganye da hannu, a bar reshen da ke da fure. In gona tana kusa da kuka, kada a yi feshin maganin ƙwari da yamma lis, daidai fitowar baƙin nan. A hana yara harbin jemagu da danƙo. Mai dasawa kuma ya dasa biyu ko uku kusa da juna.

Aikin gida: ku tafi ku biyu ko uku da tocila bayan sallar magariba, ku tsaya nesa kaɗan da kukar da ke fure. Ku rubuta abin da kuka ga ya zo wa furen, jimla uku, ku kawo aji a karanta.