Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Mallaki Gidansa Na Farko A Gadarif

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, mutanen Khartum suka kwararo Gadarif, na Wad Madani suka biyo bayansu a ƙarshen shekarar, kuɗin haya ya haukace. Mai ɗinki, mai agashe, ɗan dako a kasuwar amfanin gona, malamin makaranta, kowa kukansa ɗaya: rabin abin da ya samu mai gida ke ci. Ni ma na sha wannan wuya kafin in kafa nawa, kuma ba da wani babban kuɗi na kafa shi ba. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko shi ne ku zauna da uwargida ku yi lissafi, ƙofa a rufe. Wata guda cur ku rubuta duk abin da ya fita: sukari, gawayi, gangar ruwa daga mai karo, kuɗin rakasha, katin waya, gudummawar biki. Lokacin da muka yi namu, na ɗauka cefane ne ke cinye mu. Maman yara ta tura mini littafin ta ce, "Maigida, duba nan. Shayi da jabana, gahawar nan, da kake sha wajen mai shayi ya fi kuɗin miyarmu." Ban ce uffan ba, don gaskiya ta faɗa. Daga nan sai ku yanke abin da za a riƙa cirewa, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, a kuma cire shi ranar da kuɗi ya shigo, kafin a je kasuwa.

Na biyu, kuma a nan ne yawancinmu ke faɗuwa: kada ka tara jine, wato kuɗin Sudan. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗin Sudan rana guda, dala ta tashi daga jine 55 zuwa 375 a farashin hukuma, kuma a shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 300 cikin ɗari. Wanda ya ƙulle kuɗin fili a akwati ya wayi gari ko ƙofar ƙarfe ba za su saya masa ba. Ajiya a Bankak, manhajar banki ta waya, ta fi ƙarƙashin katifa tsaro daga ɓarawo, amma ba ta hana kuɗi narkewa. Saboda haka duk abin da ya taru, juya shi ya zama kaya. Da kaka, lokacin da dawa ta cika gari ta yi araha, sayi buhunan da za su kai gidanka shekara, ka ƙara biyu ko uku na ajiya, ka sayar tsakiyar damina idan ta yi tsada. Sai dai ka ɗora su kan katako ka kula da ƙwari. Tunkiya ko akuya ma asusu ce mai haihuwa, ragon da ka kiwata kuwa layya na zuwa za ka san ka yi dabara. Mata sun riga mu gane wannan, shi ya sa suke mayar da kuɗin dakwa da godogodo ɗan zoben zinari.

Adashi, wanda a nan muke kira sanduk, yana da amfani matuƙa, amma a gajarta shi. Adashin mutum ashirin, wanda ya kwasa ƙarshe ya kwashi iska. Ku yi mutum biyar ko shida waɗanda kuka san gidajen juna, ko kuma ku ƙulla shi da kaya: kowa ya zuba kuɗin buhun siminti a farashin ranar zubi.

Na uku, tsuke bakin aljihu ba tare da an zubar da mutunci ba. Kisra da tuwon dawa a gida, niƙa daga buhunka, mai da sukari ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku sayo a sari ku raba. Kayan sallah kala ɗaya ya wadatar. Inda wuyar take shi ne zumunci. Ba za ka ƙi zuwa makoki ba, ba za ka ga ana rubuta sunaye a takardar gudummawa ka zame ba. Abin da na yi shi ne na ware masa nasa kason kowane wata, idan ya ƙare sai in ba da ƙarfina: kafa rumfa, ɗebo ruwa, hidimar baƙi. An yi ɗan gunaguni, daga baya aka saba.

Na huɗu, fili. A nan ka bi a hankali, don kuskure ɗaya yana cinye wahalar shekara biyar. Filaye iri biyu ne. Akwai mai rajista, wanda za ka je ofishin rajistar filaye a fitar maka da takardar bincike, shahadar bahas, sabuwa, mai nuna sunan mai shi da ko an jinginar da filin. Akwai kuma na hiyaza, wato na mallakar zama, mai takardar kwamitin unguwa ko ta shehun gari. Na hiyaza ya fi araha nesa ba kusa ba, shi yawancinmu ke iya saye, amma ka sani tun dokar 1970 duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, kuma idan tsarin gari ya zo titi na iya bi ta tsakiyar ɗakinka. In shi ƙarfinka ya kai, tambayi maƙwabta huɗu na kewaye, ka binciki ko gado ne da ba a raba ba, a rubuta ciniki gaban lauya da shaidu. Kada dillali ya gaggauta ka da cewa wani na tafe da kuɗi gobe. Kullum wani na tafe, a bakinsu.

Sannan kada ka sayi fili da rani. Je ka gan shi a watan Agusta, washegarin ruwan sama mai ƙarfi. Da rani ko'ina tudu ne. Wanda ya san Khor Abu Farga, rafin da ya ratsa Gadarif, idan ya ciko, ko kogin Gash a Kasala, ko ya tuna ambaliyar 2020 da ta rushe gidaje sama da dubu 100 a faɗin ƙasar, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kawuna da ke Mai Wurno, da na nuna masa wani fili mai arha, cewa ya yi, "Ɗana, wannan ai kwaɗi ka zo raba wa gado." Na bar shi.

Na biyar, gini, kuma ba a yin sa rana ɗaya. Fara da kewayewa, ko da zana ce, don fili mara shinge na kowa ne. Sai masai. Sai ɗaki guda da rumfa, rakuba kamar yadda ake ce mata. Baƙar lakar Gadarif tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, ita ke fasa bangon bulo, shi ya sa har gobe garin ke cike da guttiya, ɗakin nan zagaye mai jinkar ciyawa. Kada ka ji kunyar farawa da ita. Tana da sanyi, ba ta da tsada, ƙasa ta motsa ba ta damu ba. Illarta gobara, don haka madafa ta yi nesa da ita. Ka kira gayya, nafir, ka dafa wa jama'a abinci, cikin kwana biyu an ɗora jinka.

Ɗakin jan bulo kuwa, tara kayansa kaɗan-kaɗan. Bulo da dubu ake sayar da shi, sayi dubu ɗaya ka jibge, wani watan kwanon rufi, wani watan ƙofa. Siminti kaɗai ba a ajiyewa, danshi na daskarar da shi, sai ana gobe aiki. Tsimi ya halatta a ko'ina ban da harsashi: a haƙa da zurfi, a zuba yashi da dutse, a ɗaure da rodi. Fenti da filasta su jira.

Da zarar masai ya kammala, ɗaki guda ya samu ƙofa, ku tare, kada ku jira komai ya cika. Kuɗin hayar da ka daina biya shi ne bulon ɗaki na biyu. Mu mun tare ana saura mako biyu damina ta sauka, da tabarma uku da randa, tagar ma buhu muka rataya mata har bayan kakar riɗi.